Ƙarshen Igiyar Kyaftin Esi

Ranar Juma'ar da ta wuce muna cin shinkafa a ɗakinmu na unguwar Muraqqabat a nan Dubai, Nazifi mai sayar da wayoyi ya ɗago kai ya ce, "Baba Yauri, wallahi ku kun huta. Farar riga, iskar teku, a yi hoto a watse, khalas, shi ke nan. Ka samo min irin aikinku mana, ni na gaji da kwantena da kago." Sauran samarin suka ce su ma a sa sunansu. Ban tanka ba, don bakina cike yake da abinci, kuma ba na ɓata loma a kan maganar yara. Amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuke ganin aikin jirgin ruwa tsayuwa ce kawai a gyara hula.

Sunana Garba, mutumin Yauri ne ni. A bakin kogi aka haife ni, na iya tuƙa kwalekwale tun kafin in iya ɗaure wandona da kyau. Shekara goma sha tara ke nan ina Dubai, duk a kan ruwa. Ni ba direban jirgi ba ne, shi nahoda ake ce masa a nan. Ni ba mai gyaran inji ba ne. Aikina igiya. Ni nake ɗaure jirgi, ni nake kwance shi, ni nake sakin anga, wato ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa ya kama ƙasa, ni kuma nake jawo ta. Kayan aikina ba su cika jaka ba: wuƙa, safar hannu, wani tsinken ƙarfe na buɗe saƙar igiya, da zare mai launi. Sai tsofaffin tayoyi da muke ratayawa a gefen jirgi don kada ya gogi bango, sai turken ƙarfe da ake naɗa igiya a kai. Wanda ya ga kayan zai raina aikin, kuma duk wanda na sani da ya raina shi yatsunsa ba su cika goma ba.

Aikina na farko a wani jirgin katako ne na dakon kaya a Khor, mashigin ruwan da ke gefen unguwar Deira, inda ake loda firji da taya da buhunan shinkafa a kai ƙetare. Na zo ina ji da kaina, ɗan ruwa jikan 'yan ruwa. Aka haɗa ni da wani tsoho ɗan Indiya, Sarang Musa. Sarang shi ne shugaban masu aikin igiya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini wata igiya mai kaurin hannu ya ce in naɗe. Na naɗe tsaf, na ja da baya ina jiran yabo. Ya sa ƙafa ya watsa ta ya ce in sake. Wata uku ina naɗa igiya yana watsawa. Har na fara tunanin ko tsohon nan yana da wata tsohuwar gaba da mutanen Yauri. Sai daga baya na gane abin da yake nema. Igiyar da aka naɗa don kyau daban, wadda aka naɗa don ta warware da gudu ba tare da ta harɗe ƙafar mutum ba daban.

Amma babban darasinsa a wani rami yake. A goshin kowane jirgi akwai ɗan rami mai murfi inda igiyar anga take kwance. Kan igiyar yana haɗe da sarƙa, sarƙar na haɗe da anga, wannan kowa yana gani. Ɗaya ƙarshen kuwa yana can ƙasan ramin, cikin duhu da warin laka, an ɗaure shi a wani zoben ƙarfe a jikin jirgi. Kullum da safe, kafin a tayar da inji, Sarang Musa zai buɗe murfin, ya kwanta rub da ciki, ya zura rabin jikinsa a ramin, ya fito yana goge hannu. Ranar da ya fara tura ni, na haska tocila na leƙa na ce masa lafiya lau.

"Ka gani?" ya tambaye ni da Larabcinsa na bakin ruwa.

"Na gani."

Ya ɗaka mini duka a ƙeya. "Ban aike ka gani ba. Taɓawa na ce. Ka kama ƙullin, ka ja shi, ya ja ka."

A nan ne na fara jin kalmar da nake so in ba ku labarinta. Tsohon ya yi aiki a jiragen Turawa da ƙuruciyarsa, kuma ya ce wannan ƙarshen da ke cikin rami suna kiransa bitter end. Ya ce a tsofaffin jirage akwai turaku da ake kira bitt, a nan ake ɗaure ƙarshen igiyar anga, daga nan sunan ya fito. Idan hadari ya taso aka yi ta sakar wa anga igiya har aka kai wannan wuri, to babu sauran abin saki, sai abin da Allah ya yi. Daga baya maganar ta sauka daga jirgi ta shiga gari. Yanzu idan Bature ya ce zai tsaya to the bitter end, yana nufin ba zai gudu ba, zai zauna a kan abu har ƙarshensa, ko da ƙarshen ba mai daɗi ba ne. Soja yana faɗa, ɗan siyasa yana faɗa, mai kallon ƙwallo ma yana faɗa idan ana cin ƙungiyarsa ya ƙi tashi. Na ji wasu masu karatu suna musun cewa daga jirgi maganar ta samo asali. Wannan tsakaninsu ne. Ni dai na san ramin, kuma na san warinsa.

Bayan shekara shida na bar dakon kaya na koma jiragen yawon shaƙatawa a Marina, wurin da ku kuke gani a waya kuna haɗiyar yawu. Bari in gaya muku su wane ne baƙin. Akwai masu bikin ranar haihuwa, waɗanda ke zuwa da kek ɗin da ya fi tayar mota girma, kafin a fita bakin gaɓa rabinsu sun rungume bokiti. Akwai matar da za ta canza kaya sau huɗu a awa biyu, ta ce a juya jirgin don rana ba ta faɗo mata daidai ba. Akwai 'yan uwanmu na gida, manyan mutane, da za su hau da babbar riga da takalmi mai santsi. Wani Alhaji da ya ji ina Hausa ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, don Allah in za ka ɗauki bidiyon ka kauce wa sunan kamfanin, a ga kamar nawa ne." Na ce to Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabon jirgi. Duk wannan ana yi idona yana kan igiya, a kan yaran da ke leƙa ruwa, a kan iska. Idan iskar arewa da suke kira shamal ta fara kaɗa tuta, baƙi suna jin daɗinta, ni kuwa sai in koma in sake duba igiyoyi.

A wannan kamfani na haɗu da Bulus, mai gyaran inji, mutumin Zuru. Kusan maƙwabta ne mu a gida, sai a Dubai muka san juna. Shi Kirista ne, ni Musulmi. Shi yake tsare mini igiya in yi sallar la'asar, ni kuma nake karɓar masa safiyar Lahadi ya je coci. Bulus ba ya son magana. Idan ya yi jimla uku a jere, to inji ya lalace sosai.

Sannan aka kawo mana sabon manaja, wani Bature dogo mai jan wuya. Ranar farko ya zo da hular kyaftin fara ƙal, irin wadda ake sayar wa yara a shagunan Karama, har da zanen anga na zinariya a goshi. Ofishinsa yana kallon ruwa, amma ba ya fita daga sanyin esi sai dole, shi ya sa muka sa masa Kyaftin Esi. Mutumin nan ba ya iya buɗe baki sai da maganar teku. Idan zai kira taro, da maganar jirgi zai kira. Idan zai yi faɗa a kan sabulun wanke banɗaki, sai ya kawo hadari da taguwar ruwa. Turanci cike yake da irin waɗannan maganganu na matuƙan da, kuma da alama ya haddace su duka a wani kwas. Sau ɗaya ya bi mu fita. Ruwa kwance kamar a kwano, amma minti ashirin ba a yi ba jiri da amai suka kama shi, ya kwanta a kujera da hular a fuska. Da muka dawo ya ce abincin daren jiya ne.

Ana haka shekarar korona ta zo. Baƙi suka ɗauke ɗif. Jirage biyar ɗaure a jere, sai gansakuka ke cin gindinsu. Kullum in zo in duba igiyoyi, in sassauta wannan in ƙara wancan, don ruwa ba ya sanin an rufe gari. Kyaftin Esi ya tara mu a bakin gaɓa, kowa da takunkumi, an ba da tazara. Ya cire hula ya dafa ƙirji, har muryarsa tana rawa. Ya ce mu iyali ɗaya ne, ya ce ba zai bar ko mutum ɗaya a baya ba. Ya rufe da cewa, "Ina tare da ku to the bitter end." Wasu daga cikinmu har da tafi. Wani ɗan Kumasi da ke goge kujeru ya raɗa mini, "Baba, me ya ce?" Na ce ya ce yana tare da mu komai wuya. Ya ce, "Ah, Allah ya yi masa albarka." Sati biyu bayan nan ɗan Kumasin yana cikin mutum goma sha ɗaya da aka sallama.

Ku samari kun san abin da sallama take nufi a garin nan. Ba aiki kaɗai ake karɓewa ba, bizarka a jikin aikin take. Ni kuwa lokacin shekarata hamsin da uku, gemu ya fara fari, kuma babu kamfanin da ke layi don ya ɗauki tsoho mai igiya alhali ga matasa sun cika gari suna neman ko nawa ne. Idan na rasa wannan aiki, abin da ya rage shi ne in ɗaure akwati.

Da aka fara buɗe gari, Kyaftin Esi ya zo da sabon tsari na tattalin lokaci. Ya tsaya da agogo yana auna kowane motsi. Ya gano cewa kullum kafin mu tashi ina ɓata minti bakwai a goshin jirgi, ƙafafuna a sama, kaina a rami. Ya kira ni ofis.

"Garba, habibi, me kake nema a ramin nan kullum?"

Na ce ƙarshen igiya nake taɓawa.

"Jiya a ɗaure take?"

Na ce a ɗaure take.

"Shekaranjiya fa?"

Na ce haka.

"To aljani ne zai shiga ya kwance ta? Baƙi suna biyan kuɗi su ga teku, ba bayanka ba."

Na yi niyyar in gaya masa cewa maganar da ya yi mana ranar taro a wannan ramin aka haife ta. Sai na ga bari in yi shiru, kada a ce mai igiya yana koya wa Bature Turanci. Washegari na sake shiga ramin, ya ba ni takardar gargaɗi. Bayan kwana goma ya ba ni ta biyu. A dokar kamfanin, ta uku ita ce ta tafiya.

Sai labari ya zo cewa za a sayar da babban jirginmu. Wani dattijo Balarabe, muna ce masa Hajji, yana so ya saya har da ma'aikatan ciki, idan jirgin ya yi masa. Wannan ita ce ƙofar da ta rage mana, ni da Bulus da nahoda. Kyaftin Esi ya ɗauko wani kamfanin share-share suka kwana biyu a kan jirgin, mu kuma aka ba mu hutun dole. Da na dawo ranar gwaji da hantsi, ban gane jirgin ba. Komai yana walƙiya. Tayoyina an jefar, an sa wasu fararen balan-balan. A goshin jirgi kuwa an shimfiɗa kilishi, an jera matasai, an kafa tebur, an ɗora kankana da aka fere ta zama siffar jirgin ruwa, ga inabi ga dabino ga butar gahawa. Ƙafar teburin tana daidai kan murfin ramina. An buɗe ɗan ƙaramin bakin da igiya ke fita, an zaro sarƙa da 'yar igiya an jera su gwanin kyau kusa da anga. Igiyar ta yi fari kamar rawanin ango.

Na tsaya ina kallon teburin. Baƙin hannu sun shiga ramin nan, sun fitar da igiya, sun wanke, sun mayar. Duk abin da Sarang Musa ya dake ni a kai, ga ranarsa ta zo. Na sa hannu zan ja teburin, sai na ji murya a bayana.

"Garba. Kada ka soma."

Na ce, "Oga, minti bakwai ne. Shwaiya, ɗan kaɗan kawai. An taɓa igiyar nan."

"Ƙwararru ne suka taɓa ta, da takardar shaida. Ga motar Hajji can ta tsaya. Ka motsa kankanar nan, takardarka ta uku tana cikin aljihuna."

Na dubi Bulus, yana tsaye a bakin ɗakin inji da tsumma a hannu. Na dubi kankana, na tuna biza. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na janye hannuna na je na kwance jirgi. A shekara goma sha biyar, ranar ce ta farko da na fita ruwa ban taɓa ƙullin ba.

Hajji ya hau da 'ya'yansa biyu. Tsoho ne siriri, da sanda, ba ya yawan magana. Na lura da yadda ya taka jirgin, bai riƙe komai ba, gwiwarsa tana bin motsin ruwa. Na ce a raina wannan ya san ruwa. Kyaftin Esi kuwa ya sha maganin amai tun a ofis, ya gyara hula, ya buɗe famfon maganar teku. Muka fita, rana tana tsaka, shamal ta fara ɗan kaɗawa. Muka isa inda muke tsayawa baƙi su yi iyo, nesa kaɗan da wata katangar duwatsu da aka jera don tare taguwa. Nahoda ya juya goshin jirgi ga iska, ya kashe inji don Hajji ya ji shirun wurin, haka manaja ya tsara. Na nufi anga.

"A'a, Garba, yau ni zan saki da kaina," in ji Kyaftin Esi. Ya miƙo mini wayarsa. "Koma can baya ka ɗauki bidiyo. Ka tabbata hular ta fito."

Haka aka yi, mai igiya ya koma mai hoto. Ya sunkuya, ya yi nishi, ya tura anga ruwa. Sarƙa ta bi ta da ƙara, igiya ta bi sarƙa. Ya miƙe ya juyo ga waya yana murmushi, ya ɗaga babban yatsa. Bai naɗa igiyar a turke ba, don bai san ana yi ba. Anga ta kama ƙasa, iska tana tura jirgi baya, igiya tana ta fita daga rami tana huci. Ban tashi hankalina nan take ba. Na saƙa jan zare a jikin igiyar, kamu goma kafin ƙarshe, ina jira in gan shi in tsallaka in naɗa. Abin da ban sani ba shi ne ƙwararrun sun ga zarena sun ɗauka datti ne sun tsince shi, sun kuma yanke wajen da ya yi baƙi don bai dace da hoto ba.

Kyaftin Esi ya ga gudun ya yi yawa, ya kai hannu zai cafke. Na daka masa tsawa da Hausa tsantsa, "Kai! Sake ta, za ta cire maka yatsu!" Bai ji Hausa ba amma ya ji tsawar, ya yi tsalle baya ya zauna a kan kankana. A daidai lokacin ƙarshen igiyar ya fito daga rami. An gyara bakinsa tsaf, an naɗe shi da farin salatif, kyakkyawa da shi. Ya bi ta kan kilishi, ya haye goshin jirgi, ya kaɗa sau ɗaya kamar mai yi mana sallama, ya faɗa ruwa.

Duk wannan yana cikin bidiyo, don hannuna ya manta bai kashe wayar ba.

Ba anga, ba inji, iska tana kai mu wajen duwatsu. Nahoda ya murɗa makulli, inji ya yi tari ya mutu. Masu share-sharen sun wanke ɗakin inji da ruwan famfo, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ban ga lokacin da Bulus ya faɗa ciki ba. Ni na ruga na ɗebo fararen balan-balan ɗin nan na rataya a gefen da zai daku, ina zagin wanda ya jefar mini da tayoyi. Akwai ƙaramar anga ta biyu, amma an kai ta sito don tana da tsatsa. Duwatsun suna matsowa har ina ganin ƙaguwa a kansu. 'Ya'yan Hajji suna ta "yalla, yalla", wato a yi sauri, ba su san wa suke gaya wa ba. Kyaftin Esi yana zaune da jan ruwan kankana a farin wandonsa, duk maganganun tekun nan ko ɗaya bai zo masa ba. Saura abin da bai fi tsawon jirgin ba, inji ya kama. Bulus ya leƙo, fuska duk baƙin mai, ya ce, "Mu tafi." Jimla ɗaya ya yi.

Da muka ɗaure a gaɓa, Hajji bai sauka nan da nan ba. Ya sa aka ja teburin, ya buɗe murfin da kan sandarsa, ya leƙa ya ga zoben ƙarfe fayau babu komai a jiki. Bai dubi manaja ba. Ya san hular shago idan ya gan ta. Ni ya duba.

"Wa yake duba ƙarshen igiya a jirgin nan?"

Na ce, "Ni ne, Hajji."

"Yau ka duba?"

Na ce ban duba ba.

Ya gyaɗa kai, ya sauka, ya shiga mota. Ciniki ya mutu a nan. Kafin la'asar takarda ta uku tana hannuna. Kuma kun san abin da aka rubuta a ciki? Sakaci wajen duba kayan aiki kafin tashi. Biyun farko don na duba, ta ukun don ban duba ba, duka da sa hannun mutum ɗaya. Da yake miƙo mini har ya dafa kafaɗata ya ce abin ya yi masa ciwo.

A hanyarmu ta zuwa tashar jirgin ƙasa na metro Bulus ya yi magana. "Malam Garba, me ya sa ba ka ce shi ya hana ka ba?"

Na ce, "Bulus, tebur ne a kan murfin nan, ba dutse ba."

Na ji kunya ranar, kunyar da ta fi zafin korar. Manaja bai san komai ba, masu share-share ba su san komai ba. Mutum ɗaya ne a jirgin ya sha duka a ƙeya don wannan ƙullin, kuma shi ne ya janye hannunsa saboda kankana.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce washegari Hajji ya aiko a kira ni, ya ce gaskiyata ta burge shi, ya ba ni jirgi da gida. Wannan sai a waya. Ban sake ganin Hajji ba. Shi kuwa Kyaftin Esi, wanda yake tare da mu har ƙarshe, ƙarshen nasa sati uku ne. Ya sami wani aiki a kamfanin da ke kai baƙi hamada hawan raƙumi. Na ji an ce yanzu rawani yake naɗawa. Allah ya tsare raƙuman.

Ni na bar ɗakin kamfani da akwati ɗaya. Bulus ya kai ni unguwar Muhaisnah, inda yake zaune da wasu 'yan cocinsu, ya bar mini gadonsa ya koma katifar ƙasa. An rage masa aiki shi ma, amma kullum zai dawo da leda, burodin Larabawa da ake ce wa kubus, da wake, mu raba. Ranar hutunsa ya bi gaɓa jirgi-jirgi yana tambaya ko ana neman mai igiya, shi da magana take yi wa wuya. Kwanakin da aka ba ni in bar ƙasa suna ta tafiya. Saura kwana tara ya dawo ya ce, "Gobe ka sa farar riga." Wani ƙaramin jirgi ne na wani mutumin kirki, shi nake yi wa aiki har yau. A duk tsawon kwanakin nan Bulus bai taɓa dafa ƙirji ya ce yana tare da ni ba, da Turanci ko da Hausa.

To Nazifi, ka ji aikin da kake so. Idan har yanzu kana sha'awa, zo ranar Asabar da tsohon wando, zan ba ka igiya ka naɗe, kuma ƙafar da zan watsa ta da ita lafiyarta ƙalau.

Yau da safe ma masu biki muka ɗauka, amarya da ango da ƙawaye, mai hoto yana ta kururuwa wai haske zai wuce. Na ce su yi haƙuri su ɗan matsa. Na ɗage matashin da amarya take kai, na buɗe murfi, na kwanta rub da ciki a gaban jama'a. Ina jin wata tana cewa wannan tsohon me ya jefar a ciki. Na zura hannu cikin duhu, na kama ƙullin, na ja shi, ya ja ni. A ɗaure yake. Shekara huɗu ke nan kullum a ɗaure nake samunsa, ko sau ɗaya bai taɓa kwancewa ba. Gobe ma zan shiga.